Kafin ka haɗa janareta biyu a layi ɗaya, tsaya ka karanta wannan

Lissafin a ka yana da sauƙi. Kana da inbata mai ƙarfin KVA 3.5, abokinka yana da irinta, shagunanku na jere a kan titin Zariya cikin garin Funtua. Kuna son sayen firiza ku fara sayar da ƙanƙara da lemo mai sanyi kafin zafi ya shigo, amma inbata ɗaya ba za ta ɗauki nauyin ba. Sai ɗayanku ya ce, to me zai hana mu haɗa wayoyin wuri ɗaya mu samu KVA 7? Ko kuma babanka ne yake da injin casar shinkafa a Malumfashi, janaretansa ya yi masa kaɗan, ga wani na hannu an samu da araha. Kowa a gida ya zuba maka ido, tunda kai ne mai waya, kai ne ɗan boko: a haɗa su ne ko kuwa?

Irin wannan tambaya ta cika zaurukan WhatsApp da shafukan masu sayar da sola a Facebook. A TikTok kuwa za ka ga wani ya murɗe wayoyi biyu da filaya, ƙwan fitila ya kama, a yi masa tafi. Ba a nuna maka abin da ya faru bayan an kashe kyamara.

Amsar a taƙaice ita ce, eh, ana haɗawa. Asibitoci da bankuna da masana'antu a haka suke aiki kullum. Sai dai wutar lantarki ba ruwa ba ce da za ka juye bokiti biyu a randa ɗaya su gauraye lafiya. Injina biyu da aka ɗora a layi ɗaya dole su yi ta jin maganar juna a kowace daƙiƙa. In ba su ji ba, faɗa suke yi, kuma aljihunka ne filin dagar.

Me ya sa maganar ta taso yanzu?

Mu a wannan yanki, daga Funtua zuwa Bakori, Ɗanja, Kafur, Dandume har Malumfashi, arzikinmu a gona yake: masara, shinkafa, dawa, waken suya, auduga, tumatir. Amma kayan gona ba sa zama kuɗi sai sun bi ta cikin inji, a casa, a niƙa, a gurza, a ɗinke buhu. Duk wannan wuta yake so.

Ka tuna watan Oktoba na 2024? An lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin Ugwuaji zuwa Apir da aka koma dogaro da shi ya samu matsala. Jihohin Arewa da dama, har da Katsina da Kano da Jigawa waɗanda KEDCO ke raba wa wuta, suka kwashe kusan kwana goma cikin duhu. Lokacin kaka ne fa, daidai sanda injinan casa da niƙa suka fi aiki. Kafin nan kuma, tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kunna janareta ya zama abin da sai an yi shawara da aljihu.

Shi ya sa yanzu a shago ɗaya za ka tarar da wuta iri uku ko huɗu: ta NEPA, ta janareta, ta sola, ga kuma batir. Wanda bai iya sayen babban inji lokaci ɗaya ba, sai ya riƙa saye da kaɗan-kaɗan, bana inbata ɗaya, baɗi wata. Ranar da suka taru, dole tunanin haɗa su ya zo.

Kuma tunanin yana da hujja. Mai injin casa da ke buƙatar kilowat 80 da rana amma 20 kawai da dare, in ya sayi babban janareta ɗaya, da dare yana ƙona dizal a banza. Injin dizal ma ba ya son aiki da ɗan ƙaramin nauyi na tsawon lokaci, galibi ana so ya ɗauki aƙalla kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa, in ba haka ba sai ya fara tara baƙin maiƙo a salansa. Da ƙanana biyu kuwa, sai a kashe ɗaya da dare, in ɗaya ya lalace kuma aiki bai tsaya cak ba.

Lugude sau 50 a daƙiƙa

Wutar da ke fitowa daga soket ɗinka ba miƙe take tafiya ba. Kai-komo take yi, ta yi gaba ta dawo baya, sau 50 cikin daƙiƙa ɗaya. Wannan shi ne “50Hz” da kake gani a jikin cajar wayarka. Don janareta ya ba da wannan bugu, dole ya juya da wani sauri na musamman: manyan na dizal galibi sau 1,500 a minti, ƙananan na fetur sau 3,000.

Ka taɓa tsayawa ka kalli mata suna lugude a turmi ɗaya? Kowace ta san lokacin da taɓaryarta za ta sauka. In ɗaya ta yi gaggawa ko ta makara, taɓare suka haɗu, sai hatsi ya watse, wani lokacin har a ji ciwo. Haka injina biyu suke a layi ɗaya, illa dai su ba karɓa-karɓa suke yi ba, tare ake so su ɗaga, tare su sauka, sau 50 a daƙiƙa, babu kuskure.

Saboda haka kafin a rufe makunnin da zai haɗa su, abu huɗu ake dubawa. Ƙarfin wutarsu ya zama ɗaya, in wannan yana ba da bolt 230, wancan ma haka. Saurin bugunsu ya zama ɗaya. Lokacin bugun ya zo daidai, wato su kai ƙololuwa a tare. In kuma wuta ce mai layi uku, wadda masu gyara ke ce wa tiri-fes, to jerin layukan ya zama iri ɗaya.

Sharaɗi na uku shi ne wanda ido ba ya gani, mitar hannu ta masu gyara ma ba ta nuna shi in an auna kowane inji shi kaɗai. Za ka auna wannan ka ga 230, ka auna wancan ka ga 230, ka ce shi ke nan. Amma in ka haɗa su a daidai lokacin da ɗaya yake sama ɗaya yake ƙasa, bambancin da ke tsakaninsu ya kai bolt 460, kuma babu komai a tsakiya sai guntuwar waya. Wuta mai ɗimbin yawa za ta kwarara daga wannan zuwa wancan nan take. In an yi sa'a bireka ta faɗi. In ba a yi ba, koyil ya ƙone, ko injin ya yi wata irin girgiza har wani ƙarfe ya karye a ciki.

A da, masu aikin tashoshin wuta da ƙwan fitila suke gane lokacin. Suna haɗa ƙwayaye tsakanin injinan biyu, su yi ta haske suna mutuwa, sai a rufe makunni a daidai lokacin da suka mutu ɗif. Yanzu na'ura ce ke yin wannan aiki a cikin allon sarrafa janareta, ita za ta ƙara wa inji mai ko ta rage har bugun ya zo daidai, sannan ta haɗa. Ɗan Tiger ɗinka na gida ba shi da ko ɗaya cikin wannan. Saurinsa ma hawa da sauka yake yi da zarar an kunna dutsen guga.

An haɗa lafiya, saura rabon kaya

A ce an tsallake wancan. Aiki bai ƙare ba, don yanzu ne za a raba nauyi. Duk wanda ya taɓa bin shanun huɗa ya san abin da nake nufi. In sa ɗaya ya fi ɗaya zafin nama, shi zai riƙa jan garma har da ɗan'uwansa, kunya ta karkace, kafin azahar ya galabaita.

Kowane janareta yana da abin da makanikai ke kira gwamna, shi ke ƙara mai ko ya rage don sauri ya tsaya daidai. Galibi kuma yana da AVR, mai riƙe ƙarfin bolt. To ka ɗauka gwamnan wannan ya kafe a kan bugu 50 cif, na wancan kuma saitinsa ya ɗan haura kaɗan. Tunda layi ɗaya suke, dole saurinsu ya zama ɗaya. Sai mai son sauri ya yi ta ƙara mai yana kwashe nauyi, ɗayan ya yi ta rage mai yana sakin nauyi. Ƙarshenta ɗaya ya ɗauki komai, ɗayan ya daina ba da wuta ya koma shan ta, ana juya shi kamar fanka. Don haka ne ake sa na'urar da ke cire inji daga layi da zarar wuta ta fara komawa cikinsa.

Wani lokacin kuma sai su yi ta miƙa wa juna nauyin, wannan ya karɓa ya saki, wancan ya karɓa ya saki. Za ka ji ƙarar injinan tana hawa tana sauka, fitila tana numfashi. In ka ga haka, kar ka ce ai wuta ce ba ta da ƙarfi. Injinan ne ke kokawa.

Maganin da injiniyoyi suka samo yana da ban sha'awa: sassauci. Ana saita kowane gwamna ya yarda saurinsa ya ɗan sauka yayin da nauyi ke ƙaruwa, galibi da kashi 3 zuwa 5 cikin 100. Misali, in kashi 4 ne, inji zai yi bugu 52 in babu kaya, 50 in an cika masa kaya. Da yake saurinsu ɗaya ne a layi, dole kowa ya tsaya a kaso ɗaya na ƙarfinsa. Mai kilowat 100 da mai kilowat 50 in aka ɗora musu kilowat 90, babban zai ɗauki 60, ƙaramin 30. Kowa kashi 60 cikin 100 na ƙarfinsa ke nan, babu wanda aka zalunta. Injinan zamani kuma ana ja musu wata siririyar waya ta sadarwa, su riƙa gaya wa juna nauyin da kowa ke ɗauke da shi.

AVR ma haka. In ɗaya ya ɗan fi ɗaya bolt, sai wata wuta ta riƙa zagaye tsakaninsu, ba ta kunna ko ƙwai ɗaya, aikinta kawai zafafa koyil.

Inbata da batir ma ba a bar su a baya ba

Wataƙila ka ce ni ba ruwana da janareta, sola nake da ita. Dokar ɗaya ce. Inbata ita ma bugu 50 take ƙerawa daga batir, kuma kowace da agogonta. In ka haɗa bakin fitar wutar inbata biyu da ba a ƙera su don haka ba, cikin ƙiftawar ido allon cikinsu zai iya ƙonewa, don kayan cikin inbata ba su da juriyar koyil ɗin janareta.

Waɗanda aka ƙera don haɗawa, kamfani yana rubutawa a littafinsu. Suna zuwa da wayar sadarwa, ɗaya ta zama jagora sauran su bi. Galibi ana so su zama ƙirar kamfani ɗaya, samfuri ɗaya, manhajar cikinsu ɗaya, su sha daga rukunin batir ɗaya, wayoyinsu kuma kauri ɗaya tsawo ɗaya. Wannan na tsawon waya ba tsirfa ba ce. Wuta gajeriyar hanya take so, wadda wayarta ta fi gajarta ita za ta fi shan wahala.

Batir kuwa, ka ɗauke su kamar tankunan ruwa biyu da aka haɗa da tiyo ta ƙasa: mai yawa zai riƙa zuba wa mai kaɗan har su daidaita. In ka haɗa sabo da tsoho da ya gaji, sabon zai yi ta ciyar da tsohon, ya tsufa da wuri. Haɗa na ruwa da na litiyom kai-tsaye kuwa, kar ma ka fara, don yadda ake cajinsu ya bambanta. Na litiyom ma kafin a haɗa su sai an tabbatar cajinsu ya zo kusan ɗaya, kuma kowane layi da fis ɗinsa. Araha ba ta ado. Batirin gwanjo da ka ƙara don ka samu awa biyu na iya cinye maka wanda ka yi shekara kana tara kuɗinsa.

Wanda ke kan falwaya

Mafi muni a duk haɗe-haɗen nan shi ne na ganganci da wutar NEPA. Wani ba shi da makunnin sauya layi, wanda ake kira canji-oba, sai ya ja waya daga janareta ya soka a soket ɗin bango. In ya manta bai cire fis ɗin mita ba, wutarsa ta fita titi.

Taransifoma ba ta san gaba da baya ba. Yadda take sauke bolt 11,000 zuwa wanda ke shiga gidanka, haka za ta ɗaga naka ta mayar da shi dubbai a kan babban layi. A can kuwa wataƙila akwai ma'aikacin da ya hau falwaya yana gyara, an tabbatar masa an kashe layi. Yana da mata da 'ya'ya. In kuma babu kowa a sama, to da zarar an kawo wuta za ta yi karo da ta janaretanka ba tare da wani daidaito ba, kuma ka san wanda zai ji jiki tsakanin ɗan injinka da tashar Shiroro.

Canji-oba na gaskiya yana yanke layi ɗaya kafin ya haɗa ɗayan. Kuɗinsa bai kai na cika tankin janareta sau biyu ko uku ba a mafi yawan gidaje. Inbatocin sola da aka ƙera don aiki tare da wutar gwamnati kuwa, an gina su su daina tura wuta waje da zarar layi ya mutu, saboda wannan dalilin.

Ɗaya ya faɗi, ya ja ɗan'uwansa

Akwai wani tarko da ko masu kuɗi ke faɗawa. Janareta biyu, kowane kilowat 50, nauyi 80. Komai lafiya. Sai tacen man ɗaya ya toshe ya mutu. Nan take 80 ɗin ya faɗa kan mai 50, shi ma ya durƙushe. Ka sayi biyu don kar ka zauna a duhu, ga shi duka sun tafi tare. Dole a tsara tun farko abin da za a yanke da kansa in ɗaya ya faɗi, a bar abin da ya zama tilas.

Ka kuma tuna cewa motar injin niƙa ko famfon borehol, a lokacin tashi tana jan wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da take ci in ta daidaita. In aka tayar da manyan motoci biyu lokaci ɗaya, bolt zai faɗi, injinan su rikice. Ɗaya bayan ɗaya ake tayarwa, babba da farko.

Wannan fa shi ne abin da ke faruwa in ka ji an ce babban layin wuta na ƙasa ya durƙushe. Kainji, Jebba, Shiroro, Egbin da sauran tashoshi duk janaretoci ne da aka haɗa a layi ɗaya, suna bugawa tare, ana lura da su daga cibiyar da ke Osogbo. In babbar tasha ko babban layi ya fita kwatsam, bugun ya sauka ƙasa da ƙima, sauran sai su cire kansu don kar su lalace, ɗaya bayan ɗaya. A 2024 hakan ya faru sau da dama. Ba mu kaɗai ba ne kuma: ranar 28 ga Afrilun 2025, Sifaniya da Fotugal sun wuni cikin duhu bayan layinsu ya rikice cikin daƙiƙoƙi. In ƙasashe masu tarin injiniyoyi na iya shiga wannan hali, ina ga waya biyu da aka murɗe da filaya a bayan shago?

To me za ka yi?

Hanya mafi sauƙi, wadda ta ishi mafi yawanmu, ita ce kar a haɗa, a raba. Firiza a kan inbata ɗaya, fitilu da caji da na'urar POS a kan ɗayar, kowace da layinta. Injin casa a kan janareta ɗaya, famfo da injin ɗinkin buhu a kan ɗayan. Ka samu kusan duk amfanin, babu kokawa.

In kuma lallai sai an haɗa, to tun wajen saye ake fara tambaya. Ka ce wa mai shago ya nuna maka a littafin kamfani inda aka ce ana haɗa wannan samfurin, kuma guda nawa. Ka tambayi mai haɗawa yadda za su raba nauyi, da abin da zai faru in ɗaya ya mutu, da abin da zai hana wuta komawa titi. In ya ce maka “kar ka damu, haka muke yi,” to ka damu. Hukumar NEMSA tana ba masu aikin haɗa wuta takardar shaidar ƙwarewa, ba rashin kunya ba ne ka nemi ganinta. Bayan an gama, a gwada a gabanka: a kunna kaya, a auna abin da kowane inji ke ɗauka, a kashe ɗaya da gangan a ga yadda ɗayan zai yi.

Akwai kuma wani ɓangare da ya shafe mu matasa kai-tsaye. A 2019 an buɗe tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano, inda aka tsara faranti da batir da janareta su yi aiki tare. Irin wannan tsari ne masu injinan casa da gidajen gurzar auduga da asibitoci na yankinmu ke ƙara buƙata, ga kuma tashar tsandauri ta Funtua da aka ƙaddamar a 2024. Masu ɗora faranti a kan rufi sun yi yawa. Wanda ya iya sa injina su zauna lafiya da juna shi ne ake nema da fitila. Ana koyar da wannan ilimi a sassan lantarki na Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Nuhu Bamalli a Zariya, da Kwalejin Hassan Usman a Katsina, da cibiyoyin horo na NAPTIN. 'Yan'uwana mata, har da ku, aikin ya fi buƙatar kai da lissafi a kan ƙarfin damtse.

Kafin nan dai, in wani ya turo maka bidiyon “yadda za ka ninka wutarka kyauta,” ka tura masa wannan rubutu. In kuma akwai gidan da ka sani a unguwarku da ake soka janareta a soket, ka je da kanka ka yi musu magana yau, cikin ladabi. Mutumin da zai hau falwayar layinku gobe bai san ku ba, amma ransa yana hannunku.